Wa Zai Yi Cigiyarsa?

Cikin dukan gaisuwar da muke yi wa juna da Hausa, akwai guda ɗaya wadda ba a yi wa baƙo. Kana iya ce wa kowa "sannu" ko "ina kwana", ko da yau ka fara ganinsa. Amma "kwana biyu" sai wanda ka saba gani, ka kuma lura cewa ba ka gan shi ba. Wanda ya ce maka "kwana biyu" ya gaya maka cewa kana da wuri a nan, wurin ya zauna babu kowa, shi kuwa ya gani.

Ɗan'uwa mai karatu, ka kawo matasan ikkilisiyarku a zuciyarka, ka tambayi kanka: su nawa ne za su yi Lahadi huɗu a jere ba su zo sujada ba, kuma ba a sami wanda zai ce musu "kwana biyu" ba? Ba mai kaɗa ganga nake nufi ba, ko yarinyar da take ba da waƙa, gama rashin waɗannan kunne ma yana jinsa. Ina nufin yaron da yakan shigo bayan an fara waƙa, ya zauna kusa da ƙofa, ya fita kafin a sa albarka. Ina nufin yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aiki a gidan wani dattijo, wadda kowa ya san ta da "yarinyar gidan wane", amma kaɗan ne suka san sunanta. Akwai saurayin da jarrabawa ta kayar da shi, sa'o'insa duka suka tafi jami'a suka bar shi, har zuwa taron matasa ya zama masa abin kunya. Akwai kuma wanda danginsa suka juya masa baya saboda ya bi Almasihu, ya zo wurinmu da zaton ya sami sabon dangi.

Mu mutane ne masu alheri, ban musa ba. Muna ba da baiko, muna tara hatsi domin gwauraye da marayu, lokacin Kirsimeti shinkafa takan zaga gidaje. Sa'ad da Mubi da Michika da Gwoza suka faɗa hannun 'yan ta'adda a 2014, ikkilisiyoyi a Yola da Jos da wasu garuruwa sun buɗe ƙofofinsu, masu bi suka raba tufafi da tabarmi da abinci da waɗanda suka gudo. Wannan aiki ne na Allah. Tambayar da ta dame ni ita ce, ko yana yiwuwa ka yi wa mutum alheri shekara da shekaru, amma kana riƙe da shi a bakin ƙofa? Ina ganin yana yiwuwa ƙwarai, kuma matasa sun fi kowa saurin gane shi.

Ka buɗe Littafin Mahukunta sura 11, ka dubi Yefta. Ɗan Gileyad ne, jarumi ne, amma uwarsa karuwa ce. Bai zaɓi uwarsa ba, bai kuwa yi wa kowa laifi ba. Da 'ya'yan matar gida suka girma, sai suka kore shi domin kada ya ci gādo tare da su. Ya gudu zuwa ƙasar Tob, a can ashararu suka taru wurinsa, ya zama shugabansu, suna fita kai hari tare. Ka lura, ba a faɗa mana cewa Yefta ya tashi da son ta'adi ba. Abin da aka faɗa shi ne an kore shi, sa'an nan ya sami waɗanda suka karɓe shi. Dattawan gari kuma suna nan sa'ad da aka yi korar. Mun san haka domin daga baya, da Ammonawa suka tasar wa Isra'ila da yaƙi, dattawan suka bi sawunsa har Tob suna roƙo ya dawo, shi kuwa ya ɗora musu laifin ƙiyayya da korar da aka yi masa. Wataƙila babu dattijon da ya ɗaga sanda a ranar. Shirun da suka yi ne Yefta ya lissafta musu.

Kowane gari yana da Tob nasa. A Kano ana ce musu 'yan daba, a Gombe 'yan Kalare, a Bauchi da Jos Sara-Suka, a Yola 'yan Shila, a manyan makarantu kuma ƙungiyoyin asiri. Muna yi musu wa'azi daga bagade, muna tsoronsu a hanya, amma ba safai muke tambaya me suke ba yaro wanda har yake sayar da ransa dominsa ba. Suna raɗa masa suna. Suna matsa masa wuri a kan benci. Ko taba kara ɗaya ce, sai ta zaga ta iso gare shi. In ya kwana biyu bai fito ba, wani zai je ƙofar gidansu ya yi fito. Lalle kuɗin wannan zumunta yana da tsada, gama da sata da jini da kurkuku ake biyansa, wani lokaci ma da kabari. Amma mai jin ƙishirwa ba ya tsayawa tace ruwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar nan ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka tana iya hana kwalba, amma ka tambayi duk wanda ya taɓa aiki da masu shaye-shaye, zai gaya maka da wuya a sami wanda ya fara shi kaɗai. Kurɓin farko a cikin taro ake yinsa, sau da yawa kuma shi ne kuɗin shiga taron.

Wani abu kuma a labarin Yefta yakan sa jikina ya yi sanyi. Ruhun Ubangiji ya riga ya sauko masa kafin ya yi wa'adin nan da ya ci 'yarsa tilo. Nasara tana hanya, kyauta, amma sai da ya yi ciniki da Allah. Fahimtata ke nan, ban ce dole ka karɓa ba: mutumin da bai taɓa samun wuri a kyauta ba yakan ɗauka kome sai an biya, har ƙaunar Allah. Yaron da muka bari a bakin ƙofa, ko ya dawo wata rana ya zama shugaba a cikinmu, yakan dawo da wannan tabo, na kusa da shi kuma su ne suke shan zafinsa. Duk da haka Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta sa sunan Yefta cikin jerin masu bangaskiya. Allah bai yar da shi ba, ko da yake 'yan'uwansa sun yar.

Mai yiwuwa ka ce, ai Almasihu ya isa. Wanda yake da Yesu ba ya bukatar wani ya san da shi, neman karɓuwa wurin mutane kuwa raunin bangaskiya ne. Akwai gaskiya a ciki, gama wanda ya mai da yabon mutane abincinsa ba zai taɓa ƙoshi ba. Amma ka tuna Adamu yana cikin gonar Aidan, zunubi bai shigo ba, yana tare da Allah ba shamaki, sa'an nan Allah da kansa ya duba ya ga zaman kaɗaicinsa bai yi kyau ba. A Getsamani kuma Ubangijinmu ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya, ya roƙe su su yi tsaro tare da shi, ya kuma dawo ya same su suna barci har sau uku. In Ɗan Allah ya so a zauna kusa da shi a daren baƙin cikinsa, ba daidai ba ne mu ce wa ɗan shekara goma sha bakwai ya jure kaɗaici domin ya nuna ƙarfin ruhaniya. Wannan marmari Allah ne ya dasa shi. Shaiɗan dai ya iya shayar da shi da gurɓataccen ruwa, in mu muka rufe rijiya.

Yanzu ka juya zuwa 2 Sama'ila sura 9. Dawuda ya zauna daram a kan sarauta, ba wanda ya tilasta masa, sai ya yi cigiya, ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul domin ya nuna masa alheri saboda Jonatan. Aka ce akwai Mefiboshet, gurgu ne ƙafa biyu. Yana ɗan shekara biyar labarin mutuwar ubansa da kakansa ya iso, mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi ya gurgunce. Tun daga nan ya ɓace daga idon mutane, yana zaune a Lo-debar a gidan Makir. Da aka kawo shi gaban sarki yana rawar jiki, kalmar farko da ta fito daga bakin Dawuda ita ce sunansa. Sa'an nan aka mayar masa da dukan gonakin Saul, aka sa Ziba da 'ya'yansa goma sha biyar da barorinsa ashirin su riƙa nome masa.

Da labarin ya tsaya a nan, da kowa ya yaba wa Dawuda. Mutumin da yake da gonakin sarki da manoma fiye da talatin ba zai kwana da yunwa ba har abada. To, me ya sa Dawuda ya ƙara da cewa zai riƙa cin abinci tare da shi kullum, kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki? Sau huɗu surar ta maimaita zancen cin abincin nan. Gonaki sun biya bukatar cikinsa, amma mutumin da ya kwatanta kansa da mataccen kare yana da wata yunwa wadda hatsi ba ya kashewa. Gona kyauta ce ta rana ɗaya, ana iya aika takardarta ta hannun manzo. Akushi ɗaya kuwa yana nufin kowace rana sai an gan shi, an jira shi ya iso da jan ƙafarsa, in kuma wurinsa ya zauna babu kowa sai sarki ya tambaya. Ga wanda yake bayarwa, na biyun ya fi tsada nesa, domin lokacinsa da sakewarsa yake ci. Ina tsammani shi ya sa muka fi son na farkon. Kuma saboda Jonatan aka yi wa Mefiboshet haka, ba domin wani abin da shi ya yi ba, kamar yadda ni da kai muka sami wuri a teburin Ubangiji saboda wani.

Abubuwan da suke sa matashi ya san cewa shi ɗan gida ne ƙanana ne, har mutum yakan ji nauyin rubuta su a littafi. Ka riƙe sunansa, ka kira shi da shi mako na gaba. In ya gaya maka yana neman aiki ko uwarsa tana kwance, ka tuna ka tambaya. In kuna hira da yarenku a harabar majami'a, ko Berom ne ko Bajju ko Tangale ko Margi, sai wani wanda ba ya ji ya matso, ka juya harshe zuwa Hausa. Babu laifi a son yare, kyautar Allah ce, amma yaron da yake tsaye a gefe yana murmushi alhali bai san abin da ake wa dariya ba, ya ji wa'azi na biyu a ranar, wanda ya fi na fasto shiga zuciya. Gunagunin farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima ma a kan haka ya tashi, sa'ad da masu jin Helenanci suka ga ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce ƙaramin abu ne ba. Mutum bakwai aka keɓe saboda shi.

Akwai kuma alherin da ba mu cika lissafta shi alheri ba, wato ka nemi wani abu a wurinsa. A gidajenmu baƙo ake kai wa ruwa da abinci, ana hana shi taɓa tsintsiya. Ranar da uwar gida ta miƙa masa kuɗi ta ce ya sayo mata gishiri, ranar ce ya zama ɗan gida, shi ma ya sani. Matashin da kullum ake ba shi, ba a taɓa roƙonsa kome ba, baƙo ne har yanzu ko da ya shekara goma a cikinmu. Ka ba shi karatun nassi ko da zai yi in'ina. Ka ce ya koya maka abin da ya gagare ka a wayarka. Ka ba shi mabuɗin ɗakin kayan kiɗa. Zai yiwu ya yi kuskure, har ma ya ɓatar da mabuɗin, amma kwado ana sayen wani a kasuwa.

In kai mai karatu matashi ne, kada ka ɗauka dattawa kaɗai nake wa magana, domin 'yan'uwan Yefta ne suka kore shi, sa'o'insa. Ka san yadda abin yake. Hanya mafi sauƙi da mutum biyar za su ji sun zama ɗaya ita ce su sami na shida su yi masa dariya: takalminsa, Turancinsa, irin wayar da yake riƙe da ita, warin hayaƙi a rigar wadda ta baro murhu ta zo sujada. Kai ma wataƙila ba ka so dariyar ba, ka yi ta ne don tsoron kada gobe ta juyo kanka. Na fahimci wannan tsoro, ba ƙarami ba ne. Amma ka duba irin wurin da ka saya da dariyar nan. Wurin da ake riƙe shi da wulakanta wani, kullum sai an sake biya, kuma ka riga ka ga abin da abokanka suke yi wa wanda ya kasa. Ba a ce sai ka tashi ka yi musu wa'azi ba. Ya isa ka ƙi yin dariyar, ka matsa a kan benci, ka raka shi zuwa bakin titi bayan taro. Za ka iya rasa wani abu a idon abokanka, ba zan ɓoye maka ba.

Ga iyaye kuma, na san fargabarku. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ba uwar da za ta so ɗanta ya yi abota da yaron da aka taɓa gani da kwalbar kodin. Wannan tsoro yana da tushe, ba kuwa zan ce ku tura 'ya'yanku Tob domin su ceto wani ba. Amma akwai bambanci tsakanin ɗanka ya bi yaron nan zuwa kango, da yaron nan ya biyo ɗanka zuwa tsakar gidanka, inda kake zaune, inda matarka za ta zuba masa tuwo, inda za a yi addu'a kafin a sa hannu. In kowane gida mai tsoron Allah ya kulle masa ƙofa, gidan da ya rage a buɗe shi ne wanda kuke tsoro, ɗanka kuma a unguwa ɗaya yake kwana da shi.

Wuri mafi wuya shi ne na wanda ya fāɗi da gaske. Yarinya ta yi ciki ba aure, an karanta sunanta a gaban jama'a, an sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya. Ba na jayayya da horon ikkilisiya, yana da tushe a Maganar Allah (ko da yake sau da yawa ita kaɗai muke gani a bencin, wanda ya yi mata cikin kuwa ya yi ɓatan dabo). Abin tambaya shi ne, a watannin nan wa yake zuwa gidansu? Dattawa sun hana ta cin Jibin Ubangiji na ɗan lokaci, amma ba su hana kowa gaishe ta ba. Mu ne muka ƙara wannan daga aljihunmu. Ƙawayenta na ƙungiyar mawaƙa sukan sauya hanya in sun hango ta, iyayensu mata ne kuwa suka umarce su. A 2 Korantiyawa sura 2, Bulus wanda ya iya tsawatawa, shi ne ya ce wa ikkilisiya hukuncin da aka yi wa mai laifin ya isa, su yafe masa su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Manufar horo ita ce a komo da mutum. In wa'adin ya cika aka kira sunanta domin a karɓe ta, sai aka tarar ta bar gari tun watanni uku ba wanda ya sani, to, ba horo muka yi ba.

Irin wannan tsayawa tare da wanda ya kasa ta taɓa raba manyan bayin Allah biyu. Yahaya Markus saurayi ne sa'ad da ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta farko, amma da suka isa Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi, yana ganin bai kamata a ɗauki wanda ya gudu daga aiki ba. Bulus yana da hujja, gama aikin ba wasa ba ne, a tafiyar nan ce aka jajjefe shi da duwatsu a Listira. Barnaba kuwa shi ne mutumin da ya kama hannun Bulus ɗin nan ya kai shi wurin manzanni a lokacin da dukan masu bi na Urushalima suke tsoronsa, don haka abin da yake roƙa wa Markus shi ne abin da ya taɓa yi wa Bulus. Gardama ta yi zafi har suka rabu. Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus, daga nan kuma Littafin Ayyukan Manzanni bai sāke ambaton Barnaba ba. Ba mu da labarin wa'azin da ya yi a can, ko irin hirar da suka yi da saurayin a kan hanya. Shekaru da yawa bayan haka, Bulus yana tsare a kurkuku, ya tsufa, Dimas ya yashe shi, Luka kaɗai ya rage a wurinsa. Ya rubuta wa Timoti ya yi hanzari ya zo kafin damuna ta hana tafiya, ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, ya kuma zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima.